Yadda Za Ku Fita Cin Abinci Da Ƙananan Yara Ba Tare Da Kun Takura Wa Jama'a Ba

Fita cin abinci da iyali ta zama al'ada a biranenmu cikin 'yan shekarun nan. A Kano da Kaduna da Abuja da Jos, har da Maraɗi da Yamai, duk wanda ya leƙa gidajen cin abinci da yammacin Asabar ko Lahadi, balle a kwanakin Sallah, zai tarar da magidanta da matansu da 'ya'yansu sun cika tebura. Wannan abin maraba ne, domin uwa tana samun hutu daga murhu, uba yana samun zama da iyalinsa, yara kuma suna ganin yadda ake hulɗa da mutane a wajen gida. Sai dai tare da wannan al'adar an samu wani abu da ke ɓata wa mutane da yawa rai, wato yaran da ake saki suna guje-guje tsakanin tebura, suna ihu, suna taka kujeru da takalma, suna kallon katun a waya an ƙure sauti, alhali iyayensu na zaune suna ta hira ba su ko waiwaya ba.

Dalilin faruwar hakan ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu mun tashi a gidajen da ɗa na kowa ne: idan yaro ya yi ba daidai ba a tsakar gida, kaka za ta tsawata masa, goggo za ta ja masa kunne, maƙwabciya ma tana da ikon ta kora shi wurin uwarsa, saboda haka uwa tana iya ɗauke ido daga kansa na dogon lokaci ba tare da komai ya lalace ba. A gidan cin abinci babu wannan tsarin. Mutanen da ke teburin kusa ba su san ku ba, kunya da gudun fitina za su hana su yi wa ɗanku magana, ma'aikatan wurin kuma suna tsoron abin da zai biyo baya idan suka ɓata wa mai ciniki rai. Nauyin da mutane da yawa suke tarayya a kansa a gida, a nan ya dawo kacokan kan uwa da uba. Kuma abin da na lura da shi shi ne, kukan jariri bai cika fusata mutane ba, domin kowa ya san jariri da kuka. Abin da ke ƙona rai shi ne ganin iyayen da ba su damu ba.

A wasu ƙasashe wannan sakacin ya kai ga rufe ƙofa ga yara baki ɗaya. A shekarar 2011 wani gidan cin abinci mai suna McDain's a Amurka ya hana shigar yara 'yan ƙasa da shekara 6, a 2018 kuma wani a tsibirin Rügen na Jamus ya hana 'yan ƙasa da shekara 14 shiga daga ƙarfe 5 na yamma, a Koriya ta Kudu kuwa akwai ɗaruruwan shagunan shayi da na abinci da suka manna sanarwar cewa ba a shiga da yara. Ba na fatan mu kai ga haka, domin idan aka kai can, yara masu natsuwa da iyayen da suke ƙoƙari su ma hukuncin zai shafa.

Mataki na farko: ku san iyakar abin da yaronku zai iya

Yawancin rigimar da ake yi a teburi tana farawa ne daga ɗora wa yaro abin da shekarunsa ba su kai ba. Yaro ɗan shekara biyu ba zai iya zama wuri guda na awa biyu ba, ko da kuwa ya fi kowa tarbiyya, domin jikinsa yana neman motsi, kuma bai mallaki kalmomin da zai ce ya gaji ko yana jin barci ba, sai ya faɗa da kuka. Tuburewa da birgima a ƙasa sukan fara ne tun yaro yana da kamar wata 18, su yi ƙamari a shekara ta biyu da ta uku, sannan su ragu idan bakinsa ya buɗe sosai ya iya bayyana abin da ke damunsa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara 5, ta ba da shawarar kada a tsare yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, ko a keken turawa ne, ko a kujerar cin abinci, ko a goye. Wannan ma'aunin ya isa ku tsara fitarku a kansa: idan ƙaramin cikin 'ya'yanku bai kai shekara biyar ba, ku ƙudura cewa daga zama zuwa tashi ba za ku wuce awa ɗaya ba, idan kuma dole ne a wuce, to a tsakiya wani zai fita da shi ya miƙe ƙafa.

Jariri mai shan nono ya fi sauƙin fita, domin idan ya ƙoshi, an sauya masa kunzugu, an goya shi, yawanci barci zai yi. Wahalar tana tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu. Daga shekara biyar zuwa sama yaro yana fahimtar doka kuma yana iya riƙe ta, saboda haka idan ɗan shekara bakwai yana zagaye tebura da gudu, wannan ba batun ƙuruciya ba ne, ba a faɗa masa iyakarsa ba ne.

Mataki na biyu: a fara koyarwar a gida

Gidan cin abinci ba wurin da za a fara koya wa yaro ladabin cin abinci ba ne. Yaron da ya saba a bi shi da kwano daga ɗaki zuwa tsakar gida ana ɗura masa loma yana wasa, ba zai fahimci dalilin da ya sa yau aka ce ya zauna ba. Makonni kaɗan kafin ku fara fita da shi, ku mayar da cin abinci abin da ake yi a zaune wuri ɗaya, ko a tabarma ko a teburi, a wanke hannu, a yi bisimilla, a kashe talabijin, kuma kada a tashi sai an gama. Ku fara da minti goma, ku riƙa ƙarawa a hankali. Muna da abin koyi a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ga hannun Umar ɗan Abu Salama, yana yaro, yana yawo a cikin akushi, sai ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya kuma ci daga abin da ke gabansa. Umarni ne guda uku gajeru, an faɗe su cikin natsuwa a daidai lokacin da ake bukatarsu, kuma haka ya kamata dokokinku su kasance.

Ku koya masa bambanci tsakanin muryar da ake magana da ita a ɗaki da wadda ake kiran mutum da ita daga ƙofar gida. Yara suna son wannan idan aka mayar da shi wasa, kuma ranar da kuka fita kalma ɗaya za ta isa ta tuna masa.

Mataki na uku: zaɓen wuri da lokaci

A nan ne ake cin rabin nasara. Ba kowane gidan abinci ne ya dace da ƙananan yara ba, kuma babu wani ƙasƙanci a yarda da hakan. Wuraren da ake yin oda a kanta a karɓi abinci nan take, irin su Chicken Republic da makamantansu, da rumfunan abinci na manyan kantuna kamar Ado Bayero Mall a Kano ko Jabi Lake Mall a Abuja, da lambunan da ke da fili da lilo, sun fi dacewa da masu koyo, domin ba a daɗe ana jira, kuma dama can wurin yana da hayaniyarsa. Gidan abincin babban otal, inda mutane suke tattauna kasuwanci ko ango da amarya suka fito su kaɗaita, wuri ne da ya kamata a jinkirta sai yaro ya nuna ya iya zama. Duk wurin da ake busa shisha ko taba kuwa kada a kai yaro ko kusa. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a irin waɗannan, amma ko inda ba a bin dokar, huhun yaro bai kamata ya shaƙi wannan hayaƙin ba.

Idan wurin sabo ne a gare ku, ku buga waya ko ku leƙa tukuna. Ku tambaya ko suna da kujerar yara mai tsawo, ko akwai wurin zama a waje, ko banɗakinsu yana da inda za a sauya wa jariri kunzugu, da kuma tsawon lokacin da abinci yake ɗauka kafin ya fito.

Batun lokaci ya ma fi na wuri muhimmanci. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana. Iyalin da suka fito bayan Isha'i da yaron da bai yi barcin rana ba, sun riga sun shirya wa kansu kuka tun daga gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar, sa'ad da yaro ya tashi daga barci, wurin bai cika ba, masu dafa abinci ba su rikice da oda ba, kuma za ku iya komawa gida kafin Magariba ko jim kaɗan bayanta. Ranar Sallah da washegarinta, da lokacin buɗa-baki a watan azumi, su ne mafi cunkoso. Idan kun yi wa yara alkawarin fitar Sallah, kwana na uku ko na huɗu ya fi muku sauƙi. Kuma kada ku fito da yaro da yunwa a cikinsa da nufin ya ci da yawa a can. Ku ba shi ɗan abin taɓawa kafin ku bar gida, domin yaro mai jin yunwa ba ya jiran minti talatin.

Ga waɗanda karatu ko aiki ya kai su Ingila akwai ƙarin bayani. A can mashayu da yawa suna sayar da abinci, kuma iyalai sukan je cin abincin ranar Lahadi a cikinsu, har abokan aiki su gayyace ku. Musulmi da yawa ba sa zama inda ake shan giya, kuma suna da hujjarsu ta addini, babu kuma wanda zai ga laifinku idan kuka nemi a sauya wuri. Wanda zai je kuwa ya sani cewa dokar lasisi ta 2003 ta Ingila da Wales ta hana ɗan ƙasa da shekara 16 zama a wurin da sayar da giya ne babban aikinsa sai tare da babba, kuma masu wurin suna da ikon sanya lokacin da yara za su fita, galibi da dare ya fara yi. Dokar daidaito ta 2010 ta kare haƙƙin uwa ta shayar da jaririnta a gidan abinci ba tare da an kore ta ba. Haka nan a sani cewa a cikin sauran yankunan Birtaniya, Scotland ta haramta dukan yaro kowane iri a 2020, Wales ma ta bi sahu a 2022, don haka marin da wani zai ɗauka ƙaramin abu ne yana iya jawo masa 'yan sanda da jami'an kula da yara.

Mataki na huɗu: jaka da yarjejeniya

A jakar fita a sa kunzugu ko famfas da suka wuce bukata, da tsumman gogewa, da kaya sauyi ɗaya, da ruwan sha a kofin da yaron ya saba da shi, da biskit ko ayaba, da leda ta zuba abin da ya ɓaci. A ƙara da abin wasa biyu ko uku marasa ƙara, kamar littafin hotuna da takarda da fensir mai launi. Motar wasa mai jiniya da ƙwallo da duk abin da ake kaɗawa ya yi amo, a bar su a gida.

Kafin ku sauka daga mota ko adaidaita, ku tsaya minti ɗaya ku yi magana da yaran. Doka uku ta isa: za mu zauna a kujerarmu, za mu yi magana a hankali, wanda yake son tashi zai faɗa wa Mama ko Baba. Sannan ku faɗa musu abin da zai faru idan aka karya doka, wato za a fita waje, idan kuma aka maimaita za a koma gida. Kada ku faɗi abin da ba za ku aikata ba, domin yaro yana saurin gane barazanar da babu komai a bayanta.

Akwai kuma yarjejeniyar da za a yi tsakanin manya, kuma a nan ina so in yi magana da iyaye maza kai tsaye. Ba daidai ba ne magidanci ya kawo iyalinsa, ya zauna yana cin abincinsa da zafinsa yana duba waya, matarsa kuwa tana fama da na goye da mai bi masa, har abincinta ya huce ba ta kai loma uku ba. Idan an fito ne domin ta huta, to a raba aikin tun a hanya: wane ne zai zauna kusa da wane, wa zai fara ci, wa zai fita da yaro idan ya fara kuka. Uba ya ɗauki ɗansa ya zagaya da shi a harabar wuri ba ya rage masa girma ko kaɗan. Idan kuma kun zo da 'yar aiki, ku tuna cewa sau da yawa ita ma yarinya ce, ba za ta iya tsawata wa 'ya'yan uwar ɗakinta a gaban jama'a ba, kuma alhakin abin da suka yi ba ya komawa kanta. A saya mata abinci irin wanda kowa yake ci, ta zauna a teburi ɗaya da ku. Ganin yarinya tana tsaye da jariri a kafaɗa tana kallon iyali suna ci abu ne mai ciwo, kuma 'ya'yanku suna koyon darasi daga gare shi.

Mataki na biyar: daga shiga zuwa isowar abinci

Ku nemi teburin da ke lungu ko jikin bango, kusa da ƙofar fita, nesa da hanyar da ma'aikata suke bi daga kicin. Yaro ya zauna ta ciki, babba ya zauna ta bakin hanya. Da zarar kun zauna ku kawar da wuƙa da cokali mai yatsu da kofin gilashi da kwalbar yaji da tsinken sakace daga inda hannunsa zai kai. Ku yi oda da wuri, ku roƙi a fara kawo na yara, kuma ku zaɓar musu abin da suka sani, kamar shinkafa ko soyayyen dankali ko taliya, ku tambaya ko da yaji a ciki. Ranar fita ba ranar tilasta wa yaro sabon abinci ba ce. Idan wurin ya yarda, ku biya kuɗi tun da farko, domin idan rigima ta tashi ku iya miƙewa ku tafi ba tare da jiran lissafi ba.

Lokacin jira shi ne mafi wuya. Ku fitar da abin wasa ɗaya bayan ɗaya, kada ku zube su gaba ɗaya, kuma ku sa yaron cikin hirarku: ku tambaye shi launin abin da yake gani, ku ƙirga kujeru tare, ku yi masa gajeriyar tatsuniya. Yawancin ƙiriniyar teburi neman kulawa ce, yaron da ake magana da shi kuwa ba ya bukatar ya yi ihu kafin a dube shi. Lemon kwalba da askirim a bar su zuwa ƙarshe, domin idan suka riga abinci zuwa, cikinsa zai cika, sannan ba shi da sauran abin da zai sa ido a kai.

Game da waya, ra'ayina shi ne a ajiye ta a matsayin dabara ta ƙarshe. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 da na ambata sun ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2 kallon allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ban ga laifin uwar da ta miƙa wa ɗanta waya na minti goma domin ta samu ta ƙarasa abincinta ba. Amma sharaɗi ɗaya ba ya canzawa: a kashe sautin, ko a sa masa abin sauraro na kunne. Waƙar katun da ake maimaitawa daga teburin kusa tana damun mutane fiye da yadda iyaye suke zato, domin su kunnensu ya riga ya saba da ita.

Mataki na shida: haɗarin da ke kan teburi da tsakanin tebura

Hana yaro gudu a gidan abinci ba don jin daɗin wasu kaɗai ba ne, don lafiyarsa ne. Mai kawo abinci yana tafe da tire a hannu, ɗauke da farfesu ko shayi ko miya mai tururi, ba ya ganin abin da ke ƙasa da gwiwarsa. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, kuma kofin shayi yana iya ƙona shi ko da an yi minti 15 da haɗa shi. Kada a miƙa abu mai zafi ta saman kan yaro, kada kuma a sha shayi da jariri a cinya. Idan tsautsayi ya faru, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi yana gudana na minti 20, a cire tufafin da bai manne da fata ba, a nufi asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja ko ƙanƙara.

Haɗari na biyu shi ne shaƙewa. Gyaɗa da sauran ƙwayoyi masu tauri ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5 su a dunƙule, inabi a tsaga shi ta tsawo, nama a yayyanka ƙanana, kifi da kaza a cire musu ƙaya da ƙashi da hannunku, tsire kuma a zare shi daga tsinke kafin ya isa hannun yaro. Kada ya ci yana tafiya ko yana dariya da abinci a baki. Idan ya shaƙe yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari ko kuka ko numfashi, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau 5, idan abin bai fito ba a tsaya ta bayansa a danna saman cibiyarsa ciki da sama har sau 5, a riƙa maimaitawa ana neman taimako. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a danna masa ciki, ƙirjinsa ake dannawa da yatsu biyu. Kada a ɗura masa ruwa, kada kuma a zura yatsa ana lalube a maƙogwaronsa.

Mataki na bakwai: idan ya tubure

Duk shirin da kuka yi, wata rana zai tubure. Alamu sukan riga kukan zuwa: murza ido, zamewa daga kujera, jefar da cokali, ƙananan koke-koke. Wanda ya tashi da yaro a wannan gaɓar ya huta. Idan kuka ya riga ya ɓarke, ku gwada rarrashi na minti ɗaya ko biyu a teburi, ku duba ko yunwa ce ko ƙishirwa ko kunzugu ko zafi. Idan bai yi shiru ba, ɗaya daga cikinku ya ɗauke shi ya fita da shi waje, ba tare da tsawa ko jan hannu ba. Wannan ita ce doka mafi muhimmanci a cikin duk abin da na rubuta. Mutanen da ke wurin sun biya kuɗinsu, wani ya daɗe yana tara kuɗin wannan fitar, wani yana da maganar da ya zo yi mai muhimmanci, kuma ba su da hanyar kauce wa kukan, ku kuwa kuna da ita.

A waje ku tsuguna daidai tsawonsa, ku riƙe shi, ku bar shi ya huce, domin yaron da ke tsakiyar kuka ba ya jin nasiha. Bayan ya lafa ku faɗa masa a taƙaice cewa za a koma ciki idan ya shirya zama. Idan kun koma ya sake, to a zuba sauran abincin a roba a tafi gida, kamar yadda aka faɗa masa tun a mota. Kada a ba shi abin da ya yi birgimar dominsa, ko askirim ne ko waya, domin idan ya samu yau, gobe da ƙarfi zai fara.

Duka da ranƙwashi da mintsini a ƙarƙashin teburi ba sa kawo shiru, ƙara kukan suke yi, kuma sau da yawa kunyar idon jama'a ce take sa iyaye su yi su, ba laifin yaron ba. Haka nan tsoratar da shi da cewa za a kira soja ko dodo ko mai allura, ko a nuna ma'aikacin wurin a ce zai kama shi, yana dasa masa tsoron mutanen da wata rana zai bukaci taimakonsu. Uwar da take ɗaga murya tana zagin ɗanta a tsakiyar gidan abinci ta fi yaron damun mutane. An ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda tausayin uwarsa. Idan salla aka taƙaita saboda kukan yaro, taƙaita zaman cin abinci ba abin da za a yi jayayya a kansa ba ne.

Idan wani ya yi ƙorafi, ko ma'aikaci ya zo ya roƙe ku ku kama yaranku, kada ku mayar da abin faɗa. Amsar da muka saba ji, wai ai yaro ne, ko kuwa kai ba ka da 'ya'ya ne, ba ta warware komai. Ku ce a yi haƙuri, ku gyara. Ma'aikacin da ya yi muku magana wataƙila ya daɗe yana jurewa kafin ya iso teburinku, kuma umarni aka ba shi. Shi ma wanda aka dama yana da nasa nauyin: ya duba ko iyayen suna ƙoƙari, idan suna yi ya ƙara haƙuri, idan ba sa yi ya sanar da ma'aikata ko ya nemi a sauya masa teburi, kada ya daka wa ɗan wani tsawa ko ya ɗauki bidiyonsa ya watsa a intanet. Akwai yaran da ke da lalurar da likitoci ke kira otizim, waɗanda ƙara da haske da cunkoso suke rikita su, kuma ba a gane hakan da ido. Iyayensu sun fi kowa bukatar a sassauta musu, domin su ma suna da haƙƙin fita.

Mataki na takwas: kafin ku tashi

Ba a sauya wa jariri kunzugu a kan teburi ko kujerar da mutane suke cin abinci; idan banɗakin bai dace ba, a koma mota, kuma a ƙulle wanda aka cire a leda a jefa a kwandon shara. Ku tsince shinkafar da ta zube, ku goge abin da ya malale, ku tattara tishu wuri ɗaya. Idan ɓarnar ta fi ƙarfinku ku nuna wa ma'aikaci, ku ba shi haƙuri, ku ƙara masa ɗan ihsani idan da hali. Idan yaro ya fasa kofi ko faranti ku faɗa da bakinku, ku nemi biya, ko da za a ce ku bar shi. Ku sa yaran su yi wa wanda ya kawo musu abinci godiya, manyan cikinsu kuma su taya ku tattara teburin.

A hanyar komawa ku faɗa wa kowane yaro takamaiman abin da ya yi daidai, kamar zaman da ya yi har aka kawo abinci ko yadda ya rage murya da aka tuna masa, domin yabon da aka ambaci dalilinsa shi ne yake zama a ransa. Idan fitar ta yi kyau, karo na gaba ku ƙara minti goma ko ku gwada wurin da ya ɗan fi natsuwa. Idan ba ta yi kyau ba, ku dakata na wata biyu ko uku kuna ci gaba da koyarwar gida, a tsakanin nan kuma ku riƙa sayen abincin ku tafi da shi lambu ko gidan zu, ku shimfiɗa tabarma inda yaro zai yi gudunsa ba tare da ya ci karo da kowa ba, fitar dare ta manya kuma a bar yaran wurin kaka ko wata 'yar'uwa da kuka amince da ita.